Yadda Giya Ta Ƙara Ƙarfi a Amurka

Ya kai mai jinyar mai ciwon hanta, ga wani tarihi da zai amfane ka. Da Amurka ta janye haramcin giya a 1933, kowace jiha ta tsara dokarta, wasu suka ƙayyade ƙarfin giyar sha'ir. Daga baya masoya giyar ƙananan masana'antu suka matsa lamba, har Karolina ta Arewa ta ɗaga iyakar daga kashi 6 zuwa 15 cikin ɗari a 2005, Alabama kuwa zuwa 13.9 a 2009. Kwalba ɗaya ta koma tamkar biyu. Saboda haka idan likita ya tambayi abin da majinyacinka yake sha, ka faɗi yawan kwalaben, ka kuma faɗi ƙarfinsu, domin shi hanta take ji.