Sunayen Kuɗin Romawa a Sabon Alkawari: Yadda Ake Furta Su

Mai karanta nassi a sujada yakan yi tuntuɓe a kan sunayen kuɗin Romawa, masu sauraro kuma su fahimci wani abu dabam. A nan mun tattara su domin masu wa'azi da malaman makarantar Lahadi, musamman na ikkilisiyoyinmu da ke Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi.

Dinari

Da Latin ana rubuta shi denarius, ana furtawa de-NAA-ri-yus, a ja gaɓar tsakiya. Da Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, denariyon ne. Mu kuwa dinari muke cewa, da "d", ba "ɗ" ba. An fara buga shi a Roma wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Almasihu. Sunan ya fito daga kalmar "goma", domin da fari darajarsa as goma ce. As ƙaramin kuɗin tagulla ne. Daga baya dinari ya koma as 16, amma sunan bai canza ba.

A nan ne ya kamata mu yi hattara. A ƙasar Zamfara, in ka ce dinari, zinariya ce take zuwa wa mutum a rai, domin maƙwabtanmu Musulmi da dinarin zinariya suke lissafin zakka da sadaki. Larabawa sun ari sunan ne daga Romawa. Amma dinarin da Ubangiji Yesu ya ce a nuna masa a Markus 12:15 na azurfa ne, mai hoton Kaisar. Bisa ga Matiyu 20:2, ladan ɗan ƙwadago ne na yini ɗaya. Idan mai wa'azi bai faɗi haka ba, jama'a za su ɗauka Basamariyen nan na Luka 10:35 zinariya biyu ya bai wa mai masauki, alhali ladan kwana biyu ne, abin da kowane manomi a cikinmu zai iya kwatantawa. Turaren dinari 300 na Markus 14:5 kuwa ya kusa ladan shekara guda.

Assariyon

Shi ne as a bakin Helenawa. A ninka "s" kamar a "hassada": as-SA-ri-yon. Da shi ake sayen tsuntsaye biyu a Matiyu 10:29.

Kwadarans

Romawa suna rubuta quadrans. Wannan "qu" ita ce "kw" tamu ta "kwabo". Helenanci ya ce kodrantes. Rubu'in as ne, wato 64 ne suke yin dinari ɗaya (Matiyu 5:26).

Lefton

Wannan ba kuɗin Roma ba ne, ƙaramin tagulla ne da ake kashewa a Yahudiya, amma Markus 12:42 ya auna shi da na Roma: biyu ne suke yin kwadarans ɗaya. Asalin rubutunsa lepton. A furta "p" ɗin yadda muke yi a "tafki" ko "tapki", duk daidai ne.

Masu fassara sun yi amfani da sunayen kuɗinmu, irin su anini da kobo, domin waɗannan ƙananan kuɗi. Sun yi daidai a zamaninsu. Sai dai anini, wanda goma suke yin kobo ɗaya na zamanin Turawa, ya daɗe da ɓacewa, tun kafin yawancin matasanmu su zo duniya. Shawararmu ita ce a karanta yadda yake a rubuce, sa'an nan a bayyana darajarsa da ladan yini. Abin da gwauruwar nan ta zuba a baitulmali kashi ɗaya ne cikin 64 na ladan yini guda.