Inda Lalle Ya Shiga a Tudun Wada

Babu bikin auren da za a yi a Tudun Wadar Kaduna ba a sa wa amarya lalle ba, amma da wuya ka ga itacensa a tsakar gida ko wajen masu sayar da furanni a bakin titi. Yara da yawa sun san garinsa a ƙullin leda, ba su taɓa shaƙar ƙananan fararen furanninsa ba, masu ƙamshin da kan cika gida da yamma.

Tushen abin yana cikin yadda aka kafa garin. Da Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, sai suka ware wa kansu unguwa mai faffadan fili da masu kula da lambu, suka cika ta da furannin waje masu launi. Tudun Wada kuwa ta zama mazaunin 'yan kasuwa, leburori da masu sana'a da suka zo daga Zariya, Kano da Katsina. A garuruwansu lalle shinge ne a bayan ɗaki, uwargida ta tsinko ganye, ta shanya, ta daka a turmi. A nan filaye ƙanana ne, gidajen haya suka yawaita, aka shafe tsakar gida da siminti, ɗan haya kuma ba ya dasa itacen da bai san ko zai kai baɗi tare da shi ba. Sana'ar sayar da furanni ta taso ne don gidajen manya, ta gaji ɗanɗanon Turawa, wanda ke fifita abin da ido zai gani daga bakin ƙofa.

Wasu za su ce ƙarancin ruwa ne. Wannan hujja ba ta tsaya ba, domin lalle kan jure rani fiye da yawancin abin da ake jerawa a bakin titi. Juriyar tasa ma ita ta cuce shi a kasuwa: reshe guda da maƙwabciya ta karyo aka soka a ƙasa da damina ya isa, kuma bai cika mutuwa ba balle a dawo saye. Mai sayarwa ya fi son shukar da za a riƙa sabuntawa.

Wasu kuma za su ce mata sun daina so. Mai shiga Kasuwar Barci gabanin Sallah ya san ba haka ba ne. Ana sayen garin lalle daga ƙauye, ga kuma lallen sajan, shi ya sa launin ya wanzu a hannun mata, ƙamshin furen kuma ya tsaya a gonar manomi.