Daga Ƙirji Zuwa Ƙugu: Yadda Ɗaurin Zane Ya Sauko

Zane ba shi da maɓalli, ba shi da mazagi, ba a kuma ƙulla shi. Mace takan ware shi ta bayanta, ta kawo gefen hagu ta kwantar a kan cikinta, ta jawo na dama ya hau kansa, sannan ta soke haɓar a ƙugun hagu. Ƙarfin jan da ta yi da kuma kaushin yadin su ne kaɗai ke riƙe da shi. Saboda suturar mace duka tana rataye ne a kan wannan 'yar sokewa, Bahaushe bai sami abin da zai kwatanta tonon asiri da shi ba kamar kwance wa mutum zane a kasuwa.

Wanda ya tashi a Kafin Hausa ko Bulangu ko Auyo ya san tsofaffin da ke wuni da ɗaurin ƙirji, ba riga. Mu 'yan boko mun saba kallon wannan a matsayin shigar wanka, ko kuma ƙauyanci. A ganina kuskure ne. Shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, ɗaurin ƙirji shi ne cikakkiyar shigar mace, ta talaka da ta mai hali: fatari a ciki, zane daga hammata zuwa ƙwauri, kallabi a ka, in za a fita a ƙara mayafi. Bambancin arziki yana ga irin zanen da yawansa, domin mai abin hannu takan ɗora zane a kan zane.

Yanayin yadin ne ya yarda da wannan ɗauri. Mata su gurje auduga, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari. Masaƙa maza su saƙa shi ƙwarya-ƙwarya, siriri kamar faɗin tafin hannu, a haɗa da allura ya zama zane. Daga nan sai marina, sai mabuga. Saƙi da bunu da tsamiya yadi ne masu nauyi da kauri, in an soke su sai su zauna daram. Wannan sana'a ce Heinrich Barth ya tarar tana ciyar da Kano a 1851, rinin garin Kura yana kaiwa har ga Buzayen Sahara.

A fadamun kogin Haɗeja kuwa, zane kayan aiki ne. Mai shiga gonar shinkafa takan naɗe shi ya dawo gwiwa. Mai daka takan ƙara ɗamara a kai don kada ya sassauta. Mai jariri takan sunkuya, ta ɗora shi a baya, ta ja zanen goyo ta soke a ƙirji, ta ɗaure ƙasa da majanyi, hannayenta biyu su zama nata. Haɓar zane ita ce lalitarta, a nan take ƙulle 'yan kuɗinta. Ya tsufa, ya koma gammo ko shimfiɗar yaro. Kusancin ƙasar da Barno ya sa ido ya saba da lafaya ma, wadda ake naɗe jiki duka da ita har ka, sai dai ita aikin mayafi take yi, akwai wata suturar a ƙarƙashinta.

To me ya sauko da ɗaurin? Amsar ta faro daga nesa, daga tsibirin Java na ƙasar Indunusiya. Mutanen can suna da nasu zanen da maza da mata ke ɗaurawa, wanda ake wa ado ta hanyar ɗiga kakin zuma a kan yadi kafin a rina shi. Turawan Holan da ke mulkinsu suka nemi kwaikwayon aikin da inji, kuma masaƙar da ta zama Vlisco, wadda aka kafa a Helmond a 1846, tana cikin masu wannan ƙoƙari. Mutanen Java ba su yi na'am da kwaikwayon ba. A ƙarshen ƙarni na 19 sai hajar ta sami masu so a gaɓar Afirka ta Yamma. Atamfar da ke cikin lefen 'ya'yanmu jikar wancan zane ce, shi ya sa har yau ake kiran mai tsadarta Holan.

Kafin ta iso nan sai da hanya ta buɗe. Turawa sun ci Haɗeja da yaƙi a Afrilun 1906. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin Nguru da ya ratsa ta Malam Madori ya kammalu a 1930. Gyaɗa ta tafi, yadin kanti da keken ɗinki suka zo. Yadin kanti sakayau ne, mai santsi, ba ya zama a ƙirji kamar saƙi, amma yana da sauƙin yanka da ɗinki. Da riga ta karɓi aikin rufe ƙirji, sai zane ya koma ƙugu. Masaƙun Kaduna, tun daga ta farko a 1957, suka ƙara arahar yadin, har turmi mai yadi shida ya zama ma'aunin shiga guda: zane, riga, ɗankwali. Wa'azin malamai kan sutura, wanda ya daɗe tun zamanin jihadi, ya sami sabon ƙarfi daga ƙarshen shekarun 1970, hijabi ya rufe abin da gyale ya bari. Ɗaurin ƙirji ya ja baya zuwa tsakar gida.

Yanzu telolin Haɗeja suna ɗinka wa zane igiya, wasu 'yan matan kuma sun gwammace siket, don ba su amince da sokewa ba a kan babur ko a ofis. Ba na ganin laifinsu. Amma ranar da ɗayarsu ta haihu, kakarta za ta ɗauko zane mara igiya, ta ce: "Sunkuya, 'yar nan, ki ja da kyau, kada ki yar mini da miji."