Antimachus: Babban Malam Buɗe Littafi na Dazukan Afirka

A duk nahiyar Afirka babu malam buɗe littafi da ya kai Papilio antimachus girma. Faɗin fikafikan namijinsa kan kai santimita 18 zuwa 23. Fikafikan dogaye ne sirara, launin ruwan goro da ɗigo-ɗigon baƙi. Yana rayuwa a dazuka masu duhuwa da yawan ruwan sama, tun daga Gini da Saliyo, ta Ghana da kudancin Najeriya da Kamaru, har Kwango da Yuganda.

A shekarar 1782 ne Dru Drury, wani maƙerin azurfa a Landan mai sha'awar tara ƙwari, ya bayyana shi a juzu'i na uku na littafinsa. Drury bai taɓa shiga dajin ba. Daga Saliyo aka aiko masa da ƙwaron. Sunan kuwa daga tatsuniyoyin Girka ya ɗauko shi, bisa al'adar Carl Linnaeus, wanda a 1758 ya tara dukkan nau'o'in malam buɗe littafi a rukuni ɗaya mai suna Papilio.

Rarraba shi ya ba masana wahala. Danginsa, Papilionidae, da yawansu an san su da wutsiya a fikafikan baya, shi kuwa ba shi da ita. A ido ma ya fi kama da ƙananan malam buɗe littafi na rukunin Acraea, waɗanda ba danginsa ba ne. Saboda wannan bambanci, masanin ƙwari ɗan ƙasar Suwidin Christopher Aurivillius ya ware masa suna na daban, Druryia, don tunawa da Drury. Yau akasarin masana sun mayar da shi cikin Papilio, Druryia ya zama ƙaramin reshe a ƙarƙashinsa.

Maza ake yawan kamawa, domin su ne ke saukowa bakin rafi suna tsotsar laka. Macen ta fi ƙanƙanta, kuma zamanta can saman bishiyoyi, sai an dace a gan ta. Jikinsa na ɗauke da dafi mai taɓa zuciya, shi ya sa tsuntsaye ke kauce masa. Masana na kyautata zaton tsutsarsa tana samun dafin ne daga ganyen Strophanthus, dangin kwankwani da maharba ke dafa dafin kibiya da shi.

Barazanar da ta fi damunsa a yau ita ce sarar itatuwa da share daji domin noma a ƙasashen da yake zaune.