Suna Linzami: Tarihin Zane-zanen Goshin Jiragen Yaƙi

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A wannan fitowa za mu waiwayi wani ɗan lungu na tarihin yaƙe-yaƙen duniya wanda ba kasafai ake tsayawa a kansa ba, wato zane-zane da sunayen da sojojin sama suka riƙa yi da fenti a goshin jiragensu. Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Yaƙin Duniya na Biyu, mai yiwuwa ya ga jirgi mai baki wangame da haƙora zaƙo-zaƙo, ko wani mai hoton mace da suna a gefenta. Yawancin masu kallo kan ɗauka ado ne kawai. Mu da muke ma'amala da alƙalami ya kamata mu ƙara dubawa, domin aikin da aka yi a jikin ƙarfen nan dangin namu ne: a zaɓi suna, a zaɓi siffa, a ɗora wa abu, sai yadda ake kallonsa ya sauya. Abin da za mu bi diddigi shi ne amfanin da sunan ya yi wa mutanen da ke cikin jirgin, da kuma abin da ya rufe game da mutanen da ke ƙarƙashinsa.

Mafarin Al'adar

Wannan al'ada kusan tsarar jirgin yaƙin ce. Lokacin da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, shekara 11 ke nan kacal da jirgi mai inji ya fara tashi, kuma ƙirar wancan zamani katako ce da yadi da waya. Hukumomin soja sun sa wa jiragensu tambarin ƙasa don gudun kada a harbi ɗan'uwa, amma matuƙan ba su tsaya nan ba. Babu na'urar da za su yi magana da juna a sama, saboda haka dole mutum ya gane jagoransa da kallo ɗaya a tsakiyar artabu. Ga kuma ƙuruciya da son a san da mutum.

Bajamushen nan Manfred von Richthofen ya shafe jirginsa da jan fenti tun daga 1917, ta yadda abokin gaba zai hango shi daga nesa ya san da wa zai kara. An lissafa masa jirage 80 da ya kakkaɓo kafin a kashe shi a watan Afrilu na 1918. A ɓangaren Faransa, wata shahararriyar runduna ta zana shamuwa a jikin jiragenta, saboda tsuntsuwar alama ce ta yankin Alsas wanda Jamus ta ƙwace a 1871. Ke nan zanen tuni ne ga abin da ake yaƙi dominsa. A Italiya kuwa, Francesco Baracca, wanda ya fito daga rundunar mahaya dawaki, ya zana baƙin doki ya yi tsaye da ƙafafun baya. An kashe shi a watan Yuni na 1918, sa'annan bayan yaƙi mahaifiyarsa ta ba Enzo Ferrari shawarar ya sa dokin ɗanta a motocinsa na tsere. Dokin da ke jikin motar Ferrari a yau daga jirgin yaƙi ya sauko.

Bakin Kifi da Hanyar Kano

Zanen da ya fi kowanne suna a Yaƙin Duniya na Biyu shi ne bakin kifin shak, kuma tafiyarsa na nuna yadda fasaha ke tsallaka iyaka ko da ana tsakiyar gaba. Wata rundunar Jamus ce ta zana shi a jiragenta masu inji biyu, matuƙan Ingila na runduna ta 112 suka gan shi a yaƙin Girka da tsibirin Kirit a 1941. Da suka koma Masar aka ba su sababbin jirage ƙirar Amurka da ake kira Tomahawk, sai suka ga ƙofar shan iska da ke ƙarƙashin hancin jirgin kamar an yi ta ne don a zana mata haƙora. Kafin ƙarshen shekarar, wasu Amurkawa 'yan sa-kai da ke ƙasar Bama a ƙarƙashin Claire Chennault, masu shirin kare ƙasar Sin daga Japan, suka ga hoton jiragen Ingilan a jarida, su ma suka kwaikwaya. Su ne aka yi wa laƙabi da Damisoshi Masu Tashi, kuma da sunansu duniya ta fi sanin zanen, alhali kuwa su ne na uku a layi.

A nan labarin ya ɗan ratsa ta ƙofar gidanmu. Da yake tekun Bahar Rum ya zama wurin haɗari ga jiragen ruwan Ingila, daga watan Satumba na 1940 sai aka riƙa sauke jiragen yaƙi a cikin akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ake kira Injamena a yau, su bi ta Darfur da Khartum har Masar. Fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya zuwa 1943, cikinsu har da Tomahawk masu yawa. Sun sha mai a Kano da lamba kawai a jikinsu. Sai sun isa hannun waɗanda za su mutu ko su rayu a cikinsu ake yi musu haƙora.

Samarin Amurka da Jiragensu

Al'adar ta kai ƙololuwa ne a hannun rundunar saman sojan Amurka tsakanin 1942 da 1945. Masana'antun ƙasar sun ƙera jirage kusan 300,000 a lokacin yaƙin, cikinsu akwai B-17 fiye da 12,000 da B-24 fiye da 18,000, kowanne kamar an tsaga kara da ɗan'uwansa. A takardar ofis, jirgi lamba ce. Amma B-17 guda na ɗauke da mutum goma, yawancinsu samari 'yan shekara ashirin da 'yan kai, waɗanda za su shafe sa'o'i a cikinsa a nisan ƙafa 25,000, cikin sanyin da ke manne fatar hannu a jikin ƙarfe, ana harbinsu ta ƙasa da ta sama.

Sai mun san girman haɗarin za mu fahimci zanen. Runduna ta Takwas da ke tashi daga Ingila ta rasa fiye da mutum 26,000. Ranar 14 ga Oktoba 1943 kaɗai, jirage 291 suka nufi garin Schweinfurt na Jamus, 60 ba su dawo ba, wato gadaje kusan 600 suka kwana babu kowa a daren. An yi wa ma'aikatan alkawarin komawa gida bayan hari 25, daga baya aka ɗaga zuwa 30, aka sake ɗagawa zuwa 35. Shi ya sa kusa da zanen akan jera 'yan ƙananan hotunan bam, ɗaya ga kowane hari. Mai wucewa zai ga bugun ƙirji, amma ga masu jirgin lissafi ne na kwanakin da suka rage, kamar yadda fursuna ke zana layi a bango.

Me suka zana? Akwai dabbobi da 'yan wasan katun, har ma kamfanin Walt Disney ya tsara wa rundunoni daban-daban tambura kusan 1,200 kyauta. Akwai sunayen garuruwa, da barkwanci, da habaici ga Hitila, da sunaye masu nuna sa'a irin ta 'yan caca. Amma abin da ya fi yawa shi ne hotunan mata, da yawansu masu ƙarancin sutura, waɗanda aka kwaso daga zanen George Petty da Alberto Vargas a mujallar Esquire. Ba sai mun faɗa ba, irin waɗannan hotuna ba su dace da tarbiyyarmu ba, kuma ko a can an sami masu ƙorafi. Sai dai mai nazarin tarihi aikinsa ya gane dalili. Manyan hafsoshi sun kau da kai ne domin sun lura samarin da suka raɗa wa jirginsu suna sun fi kula da shi, sun kuma fi riƙe juna. Masu zanen kuwa galibi ƙananan sojoji ne, makanikai da masu fentin alamomi, ladansu 'yan kuɗi kaɗan ko kwalin sigari.

Misalin da aka fi sani shi ne Memphis Belle, ma'ana Kyakkyawar Memfis. Matuƙinsa Robert Morgan ya sa masa sunan ne saboda budurwarsa Margaret Polk, 'yar garin Memfis. Wani kofur mai suna Tony Starcer ya kwaikwayi zanen Petty ya yi a ɓangarorin goshin biyu, riga shuɗiya a gefe ɗaya, ja a ɗayan. A watan Mayu na 1943 ma'aikatansa suka cika hari 25, aka mayar da jirgin Amurka yana zaga birane don tara kuɗin yaƙi. Auren bai yiwu ba, baikon ya watse a shekarar, amma sunan ya zauna. An yi fim a kansa a 1944, aka sake wani a 1990, kuma tun 2018 ake nuna jirgin a gidan tarihin sojan sama da ke Dayton a jihar Ohayo.

Waɗanda ke Ƙasa

Zuwa nan duk muna kallon jirgin ne daga filin tashi. Mutanen da aka kai wa harin ba su taɓa ganin zanen ba, domin daga nisan da ake sakin bam ba a ganin komai sai ɗigo mai ƙyalli. Jiragen Ingila da Amurka sun halaka kimanin mutum 40,000 a Hambag a watan Yuli na 1943. A daren 9 ga Maris 1945 wutar da jiragen B-29 suka zuba wa Tokiyo ta ci mutum wajen 100,000. Da yawan waɗannan jirage suna ɗauke da sunayen 'yan mata da hotunan ban dariya.

Ranar 5 ga Agusta 1945, a tsibirin Tiniyan, Kanar Paul Tibbets, mai shekara 30, ya sa aka rubuta sunan mahaifiyarsa, Enola Gay, a goshin wani B-29. Babu hoto, baƙaƙe ne kawai. Washegari jirgin ya saki bam ɗin nukiliya a kan Hiroshima, kuma hukumar birnin ta ƙiyasta mutum 140,000 suka mutu kafin ƙarshen shekarar. Ɗa ya so ya karrama uwarsa, sai ya zama duk inda aka ambaci sunan baiwar Allahn nan, ƙonannen birni ake tunawa. Hausawa sun ce suna linzami, to ga shi wannan karon aikin ne ya ja sunan.

Rigimar ba ta ƙare da yaƙin ba. Da cibiyar Smithsonian ta Washinton ta shirya nuna jirgin a 1995, an yi ta taƙaddama kan bayanin da za a rubuta a gefensa. Tsofaffin sojoji da 'yan majalisa suka ce an cika nuna wahalar Japanawa, malaman tarihi da dama suka ce ba a nuna jirgin a ɓoye gawawwakin. A ƙarshe aka soke shirin farko, shugaban gidan tarihin ya ajiye aiki, aka nuna wani sashe na jirgin da taƙaitaccen bayani. Shekara 50 bayan aukuwar abin, faɗan kalmomi ake yi.

Abin da ya Saura

Da aka gama yaƙi, aka tara dubban jirage a filaye aka narkar da su don a sami gorar ruwa. Zane-zanen suka bi wuta tare da ƙarfen, domin babu hukumar da ta ɗauke su a matsayin abin adanawa. A filin Walnut Ridge na jihar Arkansas, wani manajan kamfanin rusa jirage mai suna Minot Pratt ya sa ma'aikatansa suka sassare wasu da gatari aka ajiye gefe. Fiye da 30 suka tsira ta wannan hanya, suna hannun wata ƙungiyar adana tsofaffin jiragen yaƙi a jihar Texas. Mafi yawan sauran sai a hotunan da sojoji suka aika wa iyayensu. Al'adar ta sake ɓullowa a yaƙin Koriya da na Biyetnam da na Tekun Fasha a 1991, amma sannu a hankali dokoki suka tsananta, hotunan mata suka ja baya, zanen ya koma abin da sai ofis ya sa hannu.

Kammalawa

Darasi biyu muke ganin marubuci zai ɗauka a nan. Na farko, abin da ƙaramin mutum ya rubuta da hannunsa a lokacin tsoro yakan faɗi abin da rahoton hukuma bai faɗa ba, kuma shi ne ya fi saurin ɓacewa. Rubutun bayan manyan motoci, da wasiƙun kakanninmu da suka je yaƙin Bama, da zanen bangon shaguna, duk suna jiran wanda zai kwafe su kafin su bi hanyar da jiragen Walnut Ridge suka bi. Na biyu, kyakkyawan suna na iya sanyaya zuciyar mai aiki har ya daina ganin aikin da yake yi. Ba mu da hurumin zargin yaro ɗan shekara ashirin da ya zana budurwarsa don ya iya shiga jirgi da asuba. Amma mu da muke rubutu a zaune cikin kwanciyar hankali ba mu da irin uzurinsa. Idan muka ba da labarin jarumi, wajibi ne mu sauko ƙasa mu nemi sunayen waɗanda abin ya faɗa wa, mu rubuta su tare da nasa. Allah ya sa mu dace, ya kuma kiyashe mu da fitinar yaƙi.