Daga Filin Kwaleji zuwa Kantin Yerwa: Tunawa da Alhaji Waziri Ibrahim

Garin Yerwa, wanda takardun hukuma suka fi sani da Maiduguri, ba tsohon birni ba ne in aka gwada shi da Kano ko Katsina, domin kuwa sai a shekarar 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa, wadda ba ta sake farfaɗowa ba tun ɓarnar da Rabeh ya yi mata a 1893, ya zo ya kafa fadarsa kusa da kogin Ngadda, daura da inda Nasara suka ajiye barikinsu. To, amma ko da yake garin sabo ne, jama'ar da ta cika shi tsofaffin hannu ne a sha'anin tijara, gama Barebari da Larabawan Shuwa da zuriyar fataken Tarabulus da Hausawa duk sun taho da sana'o'in kakanninsu, kowa ya kama unguwarsa, har yau ga Fezzan ga Hausari suna ba da shaida.

A tsohuwar al'adar kasuwar Barno, baƙon falke ba ya shiga gari ya sayar da hajarsa da kansa. Sai ya sauka wurin fatoma, shi ne mai masauki, shi ne mai ajiya, shi ne kuma mai tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa, wanda in bashi ya shiga tsakani da bakinsa ake kama shi. A irin waɗannan gidaje ake rainon 'yan kasuwa. Yaro yakan fara da aike da ɗaukar kaya, daga nan a bar masa tsaron rumfa, sa'an nan a tura shi ƙauye da 'yan kuɗi a ga yadda zai dawo da su, in an jarraba amanarsa shekara da shekaru an same shi ba ya ha'inci, sai maigida ya yi masa aure, ya yanka masa jari, ya sallame shi ya tsaya da ƙafarsa. Ba a rubuta yarjejeniya, ba a kiran shaidu. Abin da ke riƙe da tsarin duka shi ne kunya da tsoron Allah, da kuma sanin cewa wanda ya ci amanar maigida ɗaya ba zai sami na biyu ba a garin.

A kan wannan tsari ne kamfanonin Turawa suka zo suka ɗora nasu, babbansu kuwa shi ne U.A.C., wanda aka kafa a 1929. Abin da suke nema a Barno shi ne kiraga da fatun awaki da na tumaki, da gyaɗa, da ƙaro, su kuma su kawo atamfa da akoko da gishiri da kananzir. Jirgin ƙasa bai iso Maiduguri ba sai 1964, saboda haka duk kayan nan a mota ake jan su zuwa Jos, ko zuwa Nguru inda dogo ya tsaya tun 1930, a bisa hanyoyin da damina kan yanke. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin sito lokacin ciniki ya san yadda abin yake: a warware ɗaurin fatu a ƙasa, akawu ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana duba tsagar wuƙa da cin ƙwaro, ya ware wadda aka shanya a inuwa daga wadda rana ta ƙona, ya ce wannan lamba ɗaya, wannan lamba biyu, dillali na rantsuwa, mai kaya na zuba ido a kan sikeli. Alƙalamin akawun nan shi ke yanke ribar mutum ta shekara, alhali kuwa mafi yawan masu riƙe da shi a wancan zamani mutanen Kudu ne, don 'yan ƙasa masu ilmin boko ba su da yawa, waɗanda ake da su ma an riga an yi musu wata hanya dabam.

Hanyar kuwa ita ce ta Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 da nufin horar da malaman makaranta, aka mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Daga Yerwa Kashim Ibrahim ya tafi can a 1925, ya dawo a 1929 ya kama koyarwa, ya zama Shettima, ya zama Wazirin Barno, har ya kai ga Gwamnan Jihar Arewa a 1962. Ibrahim Imam ma can ya yi karatu, ya dawo ya shiga sashen ayyuka na En'e. Wato ɗan kwaleji ko dai ya riƙe alli ko ya zauna a ofishin En'e, ba a kawo masa zancen sikeli da ƙwarin fata.

Akwai wani ɓangare na tarbiyyar kwalejin nan da masu tarihi kan wuce shi da sauri, ni kuwa ina ganin ya cancanci a tsaya a kansa, shi ne filin wasa. Turawan da suka shirya makarantar sun kwaikwayi manyan makarantun kwana na Ingila ne, inda wasa wajibi ne kamar darasi, don haka da la'asar ta yi kowane ɗalibi, ɗan sarki ne ko ɗan malam, sai ya fita ƙwallon ƙafa ko kurket ko guje-guje. Wanda ya fi shiga ran 'yan Arewa shi ne fayif, wasan da Sardauna Ahmadu Bello ya shahara da shi tun yana ɗalibi, bai kuma bar shi ba har yana Firimiya. Ɗaki ne mai bango uku, ba rufi, mutum biyu su kara da biyu, ana dukan 'yar ƙwallo da tafin hannu tana bugun bango tana dawowa. Abin mamaki a asalin ƙa'idarsa shi ne ba a sa alƙalin wasa. 'Yan wasan su ke hukunta kansu, in ƙwallo ta faɗi sau biyu kafin ka doke ta kai za ka faɗa, in ka tare wa abokin karawarka hanya kai za ka ce a sake. Yaron da ya yi shekara huɗu a makarantar da ake girmama irin wannan ladabi, lalle ya ga da idonsa cewa ana iya neman rinjaye a kan mutum da iyakar ƙarfi, a gama a tafi sallar magariba sahu ɗaya.

Cikin wannan makaranta Waziri Ibrahim ya shiga a 1944. An haife shi a Yerwa a 1926, mahaifinsa malami ne da ya yi limanci a Damaturu, inda yaron ya yi elemantare kafin ya zo Midil ta Maiduguri. Da ya gama kwaleji a 1947, maimakon ya bi sawun magabatansa zuwa aji, sai ya shiga U.A.C. a 1948, ya fara daga ƙasa, ya riƙe kuɗi da sito a reshen Maiduguri, ya yi aiki a Jos da ƙasar Binuwai, bai bar kamfanin ba sai da ya zama manaja a Kaduna. A yau wannan ba abin a faɗa ba ne, amma a wancan lokaci, ɗan malam kuma ɗan kwaleji ya zaɓi zama yaron kamfani, haƙiƙa sai mai ganin nesa. Ya koyi abin da fatoma bai sani ba, wato littafin lissafi da hulɗa da banki da odar kaya daga ƙetare, ya kuma riga ya tashi cikin abin da Baturen kanti bai sani ba, wato yadda ake riƙe mutane.

Siyasa ta same shi a nan. Ya fara da jam'iyyar NEPU yana saurayi, daga baya ya koma NPC, aka zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1959, ya riƙe Ministan Lafiya, sa'an nan Ministan Raya Tattalin Arziki, a hannunsa aka gabatar da shirin raya ƙasa na 1962 zuwa 1968, wanda madatsar ruwa ta Kainji ke cikinsa. Da soja suka kifar da mulki a Janairun 1966 sai ya koma kasuwa, a nan ne kuma ya yi dukiyar da aka san shi da ita. Ba daidai ba ne mai tarihi ya ɓoye cewa wani kaso na dukiyar daga cinikin kayan yaƙi ya fito a zamanin yaƙin basasa, abokan adawarsa kuwa ba su bar tuna masa da haka ba. Yerwa ta ga attajirai da suka fi shi kuɗi, irin su Alhaji Mai Deribe, wanda ya taso ta tsohuwar hanyar kasuwa ya gina gidan da sarakunan Turai suka sauka a ciki. Abin da ya bambanta Waziri shi ne inda ya zuba tasa dukiyar.

A 1978, da aka ɗage takunkumin siyasa, yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar NPP, da saɓani ya shiga a kan wanda zai riƙe shugabancin jam'iyya da wanda zai yi takarar shugaban ƙasa, sai ya fita ya kafa GNPP, ya ɗauki nauyinta kusan shi kaɗai. Takensa shi ne siyasa ba da gaba ba, kalmar da ta bi gari har ta zama karin magana a bakin Hausawa. Masu dariya sun ce wannan zancen attajiri ne da bai san zafin talauci ba. Ni dai abin da na fahimta shi ne mutumin ya haɗa tarbiyya biyu ne, ta filin kwaleji inda hamayya ke ƙarewa da ƙarewar wasa, da ta kasuwa inda wanda kuka yi jayayya da shi yau a kan farashi shi ne abokin cinikinka gobe, ɗan kasuwa kuwa ba ya ƙulla gaba da wanda zai sake buƙata.

Ya kuma yi siyasar ne irin ta maigida. Ya jawo samari masu ilmi, ya ba su jari irin na wannan fage, wato mota da kuɗin yawo da sunansa, ya tura su gaba. A zaɓen 1979 shi kansa ya sami wajen kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un shugaban ƙasa, ya zo na biyar, amma jam'iyyarsa ta ci jihohi biyu, Muhammadu Goni ya zama Gwamnan Barno bai kai shekara arba'in ba, Abubakar Barde ya zama na Gongola. Ba a daɗe ba aka jarraba taken nasa jarrabawa mai tsanani, domin a Janairun 1980 Gwamnatin Tarayya ta kama Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye na GNPP a Majalisar Barno, ta fitar da shi zuwa Chadi da da'awar wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Gari ya ɗauki zafi, amma kotu aka nufa, kotu kuwa ta tabbatar masa da 'yancinsa na ɗan ƙasa.

Sai dai yaron siyasa ba kamar yaron rumfa ba ne, don shi kujerar da aka ɗora shi a kai takan fi gidan maigidan girma. Kafin zaɓen 1983 jam'iyyar ta dare, Goni ya koma UPN, Barno ta faɗa hannun NPN a ƙarƙashin Asheik Jarma, Waziri ya sake tsayawa takarar shugaban ƙasa ya sami ƙuri'un da ba su kai rabin na farko ba, watanni kaɗan bayan haka soja suka sake karɓar mulki. Ya rasu a 1992, Allah ya ji ƙansa, 'yarsa Khadija Bukar Abba Ibrahim kuma ta shiga Majalisar Wakilai daga Jihar Yobe, wadda aka yanka daga Barno shekara guda kafin rasuwarsa, aka sa hedkwatarta a Damaturu.