Fayafayan King Oliver na 1923 da Waɗanda Suka Sake Buga Su

Ran 5 ga watan Afrilu 1923 waɗansu makaɗa bakwai daga Chicago suka sauka a Richmond, wani ɗan gari cikin jihar Indiana ta Amurka, suka nufi ma'aikatar Starr, kamfanin da ke ƙera fiyano, yana kuma buga faifan garmaho mai suna Gennett. Shugabansu Joe Oliver ne, wanda mutanen New Orleans suka yi wa laƙabi da King, watau sarki, saboda gwanintarsa ga busa konet, wani ƙaho na tagulla ɗan'uwan begila. Mai bi masa ga busa wani saurayi ne ɗan shekara 21, Louis Armstrong, wanda ba a taɓa ɗaukar busarsa ba sai ran nan. Cikin kwana biyu aka ɗauki kiɗa tara. Abin da ya wanzu na ɗaukar da kamfanoni huɗu suka yi musu a wannan shekara, watau Gennett da OKeh da Columbia da Paramount, fuskar faifai 37 ne. Ba su ne farkon faifan kiɗan jaz ba, gama tun 1917 waɗansu Turawa suka riga su, amma masana sun ɗauke su a kan babbar shaidar yadda Baƙaƙen Fata na New Orleans ke kiɗan. Shaida kuwa, kafin a karɓe ta, ya kamata a san hannuwan da ta biyo.

Hannu na fari shi ne na'urar da ta ɗauka. A lokacin ba a fara ɗauka da lantarki ba, sai 1925. Makaɗa kan taru gaban wani babban mazurari, sautin ya bi ta cikinsa ya girgiza allura, allurar ta zana layi a kan faifan kaki. Jirgin ƙasa na wucewa dab da ɗakin, sai an dakata masa. Babbar ganga takan sa allura ta yi tsalle, saboda haka makaɗinsu Baby Dodds ya bar ta, ya koma ƙwanƙwasa 'yan katakai. Fuskar faifai kuma ba ta ɗaukar fiye da kamar minti uku, alhali a gidan rawa na Lincoln Gardens, inda su ke wasa a Chicago, kiɗa kan daɗe muddin masu rawa na so. Malamin harshe ya san irin wannan. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, wanda kuwa ya koyi Hausa daga takarda kaɗai zai zaci ba ta da su. Haka wanda ya san Oliver daga faifai kaɗai zai zaci kiɗansa ba ganga, kuma gajere ne.

Daga faifan kakin nan a ke fitar da uwar faifai ta ƙarfe, da ita a ke danna fayafayan sayarwa, waɗanda a ke yi da shalak, wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa a itatuwan Indiya. Muddin uwa na nan ana iya buga sabo. To, sai kasuwa ta faɗi. Fayafayan da aka sayar a Amurka sun kai wajen miliyan 104 a 1927, suka koma wajen miliyan 6 a 1932. Sunan Gennett ya ɓace a 1930, Paramount ta daina ɗauka a 1932, yawancin uwayen fayafayansu kuwa suka salwanta, da yawa an sayar da su a matsayin tsohon ƙarfe. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarasa ɓarnar. A Afrilu 1942 gwamnati ta rage shalak ɗin da kamfanoni ke samu da kashi 70 cikin ɗari, aka shiga tattara tsofaffin fayafayai ana niƙawa don a yi sababbi. Oliver bai ga wannan ba. Ya rasu a Savannah cikin Afrilu 1938, haƙoransa sun lalace har ba ya iya busa, yana shara a wani gidan wasa don ya ci abinci.

Waɗanda suka ceto abin da ya rage ba manyan kamfanoni ba ne. Masu sha'awa ne, samari galibinsu Turawa, masu bin shagunan gwanjo gida gida. A 1936 wani Bafaranshe, Charles Delaunay, ya buga littafi a Faris mai suna Hot Discography, inda ya jera fayafayan jaz da lambobinsu da sunayen makaɗan da ke cikin kowanne, aikin da ya yi kama da na mai tsara fihirisar littattafan hannu. A New York kuma Milt Gabler, mai shagon Commodore, ya fara hayar uwayen fayafayai daga kamfanoni yana sake bugawa da sunan United Hot Clubs of America, yana rubuta sunan kowane makaɗi a kan tambarin. Inda uwa ta ɓace, kamar na Oliver a Gennett, ba dabara sai a nemo kwafi mafi ƙarancin gogewa a ɗauka daga gare shi. Watau tun daga nan abin ya zama kwafin kwafi, kowane tabo da ke jikin na farko ya gaji wurinsa a na baya.

Ganin akwai masu saye, Columbia ta ɗauki wani ɗalibin Jami'ar Yale, George Avakian, a 1940 ya binciki rumbunta na Bridgeport, har ya tono kiɗe-kiɗen Armstrong da ba a taɓa fitarwa ba. Da faifai mai dogon zango ya fito a 1948, wanda fuskarsa ɗaya ke ɗaukar fiye da minti ashirin, sai aikin ya ƙara sauƙi, 'yan fashin faifai ma suka shigo. Dante Bollettino ya sa wa nasa suna Jolly Roger, watau tutar 'yan fashin teku, abin dariya kuma a ma'aikatar RCA Victor a ke danna masa su, har da kayan ita RCA ɗin. Columbia da Armstrong suka kai shi ƙara a 1952, ya daina. Hujjar masu kare shi ita ce kamfanoni sun kulle kayan, ba su buga ba, ba su bari an buga ba, hujjar kuwa ba ta rasa ƙarfi ba.

Mai sake bugawa ba kwafa kaɗai ya ke yi ba, yana kuma zaɓe, yana raɗa suna. Bill Grauer da Orrin Keepnews, waɗanda suka kafa Riverside a 1953, sun yi babban aiki wajen fito da kayan Paramount da Gennett. Amma da suka tara kiɗe-kiɗen Oliver a faifai mai dogon zango, sunan Armstrong suka sa a sama, domin shi ke jawo masu saye. Ta haka mai gida ya koma baƙo a gidansa. Masu sauraro suka riƙa kasa kunne ga ɗan guntun da Armstrong ya busa shi kaɗai cikin Chimes Blues, suna wuce abin da ya fi muhimmanci, watau yadda masu busa huɗu ke saƙa muryoyinsu lokaci guda ba mai take wani.

Sautin kansa bai tsira ba. Tsohon faifai na da ƙara kamar ana suya, masu gyara na shekarun 1950 da 1960 kuwa sukan tace ta, su tafi da kaifin ƙahon tare da ita, waɗansu har su ƙara amsa-kuwwa don ya yi kama da na zamani. Akwai kuma batun gudu. Ana cewa faifan na juyawa sau 78 a minti, amma na'urorin 1923 wani lokaci sun ɗara haka, wani lokaci sun gaza, in kuwa aka juya shi da gudun da ba nasa ba sai dukan kiɗan ya hau ko ya sauka. John R. T. Davies, Baturen Ingila da ya rasu a 2004, makaɗi ne, don haka yakan daidaita gudu da kunne bisa ga abin da kayan busa ke iya fitarwa, ya kuma zaɓi allurar da ta dace da faɗin layin kowane faifai, ya bar ƙarar suya in dai cire ta zai taɓa kiɗan. A 2006 David Sager da Doug Benson suka sake tara dukan 37 daga kwafi mafi kyau da masu tarawa suka ara musu. Ga ɗaya daga cikinsu ba su da zaɓi. Faifan Gennett mai lamba 5275, mai ɗauke da Zulu's Ball da Workingman Blues, na Oktoba 1923, kwafi ɗaya tak aka sani a duniya, duk wanda ya taɓa jin kiɗan nan biyu a wani bugu daga wannan kwafin ya ji su.